Sunan da ke Gindin Kwano

Tun ranar da muka binne Noelene, babu wanda ya sake ambaton sunanta a gabana. Mutanen garinmu kirki ne ya yi musu yawa. In suka gan ni a shago sai su kama zancen ruwan sama da farashin alkama, su yi ta kewaye-kewaye, kamar sunan matata wuta ne da zai ƙona musu harshe. Wannan shirun ya fi mutuwar ci mini rai.

Da Disamba ta kama, Glenys, mai tsara cin abincin ƙarshen shekara na 'yan kwana-kwanan sa-kai, ta kira ni.

"Merv, kai dai ka zo da bakinka kawai. Kada ka wahalar da kanka."

"To, wa zai kawo kwaɗon kabeji?"

"Haba tsoho, shayi ma ƙona shi kake yi! Za mu saya a shago."

Na ajiye wayar ina huci. Na shago! Wancan mai zaƙi kamar alewa?

Ranar taron da safe na ciro babban kwanon Noelene mai ruwan ɗorawa, wanda take kai kwaɗon a ciki kowace shekara. Na yanka kabeji siri-siri, na barbaɗa gishiri na bar shi ya tsatso, sannan na matse shi a tsumma, don kullum takan ce kwaɗo mai ruwa abin kunya ne. Na goga karas har da ɗan yatsana. Na kwaɓa mayonis da kirim mai tsami da mustad da lemon tsami, na zuba garin barkono fiye da kima kamar yadda take yi. Na ɗanɗana, na juya in tambaya ko gishiri ya ji. Firji ne kaɗai ke gunji a kicin ɗin.

A ɗakin taron zafi kamar ya kashe mutum, don a ƙasarmu Disamba tsakiyar lokacin zafi ne, maza na waje suna gasa nama suna korar ƙuda. Na ajiye kwanon kusa da robar kwaɗon shago. Glenys ta kalle shi, na ga ta gane shi sarai, amma sai ta ce, "Kai, yau akwai rana!"

Aka ci, aka suɗe. Wasu suka dafa kafaɗata suka wuce. Ni kuwa ina ƙarshen tebur, kaɗaici ya ishe ni a tsakiyar mutum hamsin.

A nan garin kowace mace na manna sunanta a gindin kwanonta, don kada ya ɓata wajen wanke-wanke. Tahlia, sabuwar nas da aka turo mana kwanan nan, ita ke rabon kwanoni. Ta kifa namu, ta karanta, ta ɗaga murya:

"Noelene! Ina Noelene? Baiwar Allah, kwaɗonki ya kusa cire mini harshe, amma sau uku na ƙara!"

Kowa ya juyo ya kalle ni. Glenys ta toshe baki da hannu, ta nufo yarinyar da sauri don ta kwaɓe ta.

Na miƙe, na riga ta magana.

"Kawo nan, 'yata. Ni ne mijinta."

"Ba ta zo ba ne, Baba?"

"Ba ta zo ba." Na rungume kwanon, ɗumin ruwan wanki bai bar jikinsa ba. "Don Allah, sake faɗin sunan. Da ƙarfi."