Mai Sanda a Bakin Tekun Sawakin

Ɗalhatu mai gadi ne a wani gidan adana kayan tarihi a birnin Doha, kuma irin mutanen nan ne da ko tari aka hana sai su haɗiye abinsu. A shekarar korona aka ba shi tsaron ɗakin ajiyar tsofaffin hotuna, waɗanda wani Bature ya ɗauka wajen 1936 sa'ad da yake zaga duniya a jirgin ruwa.

A cikinsu ya ga wani mutum tsaye a bakin tekun Sawakin, mashigar jirgin mahajjata, da sanda da buta, ga aska irin ta gidan su Ɗalhatu raɗau a kumatunsa. Baturen ya rubuta sunan jirgi da kwanan wata, har da zafin garin, amma bai ga dalilin tambayar bawan Allah sunansa ba.

A shekarun nan ne Aruna, mahaifin Larai kakar Ɗalhatu, ya kama hanyar Makka a ƙasa daga Sabon Birni, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Larai na 'yar shekara bakwai a lokacin, kuma yau ita kaɗai ta rage da ta san fuskarsa.

Da ya gaya mata a waya, sai ta ce, "Turo mini shi, ɗan nan. Ko cikin dubu ne zan gane Baba."

To amma an hana ɗaukar hoto a ɗakin, wanda aka kama kuwa sai gida. Ja'afaru, abokin kwanansa a Sanaiya, unguwar leburori, ya yi ta zuga shi ya danna waya sau ɗaya khalas, shi ke nan, wa zai gani? Ɗalhatu ya ƙi. Ya ji an ce za a baje hotunan lokacin gasar kofin duniya, kowa ya ɗauka son ransa. Duk kiran da ya yi sai ta tambaya, shi kuma ya ce ta ƙara haƙuri. Ta rasu da damina, saura wata uku a fara ƙwallo.

Ranar buɗewa yana tsaye cikin kakinsa, baƙi sanye da rigunan ƙwallo suna ta ƙyasta wa mai sandan waya, babu mai hana su. Wata baƙuwa ta dubi hoton, ta dubi kumatunsa, ta tambaye shi ko ɗan'uwansa ne.

Ya ce, "Ban sani ba. Wadda ta sani ta jira ni shekara biyu."