Fatalwar Orville Tackett

Verna Tackett ta ba 'yan fim aron gidanta ne saboda shugabansu ya iya gaisuwa. Lonnie Krebs sunansa, wani ɗan siriri mai gashin baki, ya zo daga birnin Dallas da kyamara ɗaya da 'yan mutanensa a bayan akori-kura. Ya cire hula, ya ce labarin wani dattijon arziki zai ɗauka, wanda ya rasu ya bar iyalinsa cikin kewa. Da ya ga zanen marigayi mijinta Orville a bangon falo, sai ya dafe ƙirji.

"Madam, wannan fuskar nake nema tun bara."

Maganar ta yi wa Verna daɗi. Orville dattijon coci ne, har ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda ya taɓa ganin haƙoransa a bainar jama'a. Ta miƙa musu makulli, ta tare gidan Opal, ƙanwar marigayin, har suka gama.

Ranar da za a fara nuna fim ɗin, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta ɗauki Opal a tsohuwar motar Orville, suka nufi filin sinima a bayan gari, inda ake kallo daga cikin mota. Motoci sun yi sahu-sahu, kowa ya rataya lasifika a gilashinsa, yara na zaune bisa rufin mota da gugguru. Rana na faɗuwa allo ya haskaka.

Ga falonta, ga zanen mijinta, girmansa ya kai na rumbu. Verna ta fito da hankici. Sai idanun zanen suka juya hagu, suka juya dama. Wani dogon harshe ya leƙo. Kafin ta gama rufe baki, wani ƙaton mutum mai tumbi ya faɗo daga bayan zanen, lulluɓe da zanin gadonta na aure, da hular Orville ta Lahadi a ka, wai shi ne fatalwarsa. Ya wuce kicin ya cinye kek ɗin baƙi da hannu bibbiyu, ya yi wata gyatsa da ta ɗaga labule. Daga nan ya bi wata budurwa da gudu, wandonsa ya zame, ya kife a cikin bahon wanki.

Fili ya kaure da ham ɗin motoci. Wani ya leƙo ta taga ya ƙwala ihu, "Sai ka yi, Orville!"

Verna ta waiwaya, sai ta ga Opal ta cusa baki a jaka, kafaɗunta na rawa.

"Dariya kike yi? Yayanki ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya!"

"Ki yi haƙuri, matar yaya," in ji Opal, tana share hawaye. "Gyatsar ce. Haka yake yin ta tun muna yara."

"A gidansa yake yi! Ba a gaban mutanen gari ba!"

Ta fita ta buga ƙofa, ta ratsa tsakanin motoci zuwa ɗakin majigi. Lonnie na tsaye a bakin ƙofa da kwalbar lemo, bakinsa har kunne.

"Madam! Kin ji yadda suke son sa?"

"Dattijon arziki ka ce mini."

"Da farko haka muka nufa. To da muka kalla sai muka ga ba ya ba da tsoro, ba ya sa kuka. Wanda ya fito a fatalwa kuma ya faɗa baho ba da gangan ba, muka ce ai shi ke nan, Allah ya kawo."

"Idanunsa fa? Yaya aka yi suke motsi?"

Lonnie ya sosa ƙeya. "Ɗan huji muka yi. Amma mun liƙe da kyau, ke kanki ba ki lura ba."

Wannan ce ta fi ƙona mata rai, domin kuwa gaskiya ne. Kullum da safe sai ta gaida zanen nan, ashe idanun takarda take gaisarwa.

"Ka kashe fim ɗin nan yanzu."

"Haba Madam, a tsakiya? Ai sai su cinye ni ɗanye."

Verna ta juya. Ta koma mota, ta tayar, ta gangara har gindin allo, ta kunna manyan fitilu. Fatalwa ta dusashe, allo ya koma fari fat. Ham ya sake tashi, wannan karon na zagi. Wani ya jefo kofin takarda. Verna ta naɗe hannu ta zauna, Opal kuwa ta sulale ƙasan kujera.

Ɗan sanda ya zo ya ranƙwafa a tagarta. "Misis Tackett, don Allah."

"Je ka kama wanda ya ƙwaƙule wa mijina ido, sannan ka dawo."

Washegari aka hana ta shiga. Sai ta tsaya a kan tudun hanya, bayan shinge, inda ba mai ikon korar ta, ta hasko allon daga can. Ba a yi mako ba mai sinima ya gaji, ya ce Lonnie ya kwashe fim ɗinsa.

Verna ta ɗauka ta yi nasara. Ashe Lonnie jihar Oklahoma ya wuce da shi, daga can jihohin Arkansas da Louisiana, inda fitilarta ba ta kaiwa, kuma ko'ina fili cika yake. Kafin kaka ta shigo, baƙin motoci suka fara tsayawa a ƙofar gidanta, samari na leƙowa suna tambayar ko nan ne gidan fatalwa mai gyatsa.

Ta jawo tiyon ban-ruwa ta ajiye kusa da kujerarta a baranda. Duk wanda ya tako ciyawarta, a jiƙe yake komawa mota. Opal kuwa sai da Kirsimeti ta zo Verna ta amsa gaisuwarta, shi ma a daƙile.