Gawar Kyaftin Damo

Afiniki ba ta iya tawali'u a kan zanenta ba. Idan ka ce ya yi kyau, za ta ce ta sani. Idan ka ce bai yi ba, sai ta miƙo maka fensir ta ce ka gwada naka mu gani. Kuma gaskiya yarinyar tana da hannu, shi ya sa ba a cika ja da ita ba.

Tun da ta gama makaranta ta dawo Kafanchan, littafi ɗaya take zanawa, na yaƙin dabbobi a zamanin bindigar harba-ka-ruga. Remaye su ne mutanen kan dutse, kowanne da jakar albarushi a kafaɗa. Kuraye kuma suka taso daga fili da ganguna da tuta, za su ƙwace musu gonaki. Shugaban remayen wani tsohon damo ne mai ido ɗaya, Kyaftin Damo. A shafin ƙarshe harsashi ya same shi a ƙirji, ya faɗi cikin gonar citta, yaransa suka ja da baya suka hau dutse. Shi kaɗai aka bari kwance, ungulu na shawagi a sama. A nan ta rufe labarin, tana ganin babu mai karantawa bai share hawaye ba.

Abin da ta fi ji da shi shi ne zanen tsakiya, mai cin shafi biyu: remaye sun jera, na gaba sun durƙusa suna harbi, na baya suna ɗura, hayaƙi ya turnuƙe. Ba ta taɓa yin zane kamarsa ba, kuma ta gaya wa duk wanda ya tsaya saurare.

Romanus, mai injin buga littattafai a kusa da tashar jirgin ƙasa, ya yarda zai buga. An sa ranar ƙaddamarwa a zauren majami'a bayan sujadar Lahadi, kuma Kaka Hulda, wadda ta rene ta tun tana rarrafe, ita za ta buɗe littafin a gaban jama'a. Afiniki ba ta ma tsaya tunanin wani ba.

Sai da komai ya kammala ta kai wa tsohuwar, ta same ta a gindin mangwaro tana tsince acca. Kaka ba ta karatu, amma zanen ya ishe ta. Ta yi ta ƙyaƙyatawa ganin kura da wando. Da ta zo shafin ƙarshe sai dariyar ta ɗauke. Ta juya takardar ta duba bayanta.

"Ina sauran?"

"Ya ƙare ke nan, Kaka."

"Kin bar shi a nan? A ƙasa?"

To, a dangin su Kaka damo ɗan'uwa ne. Ba a kashe shi, ba a cin namansa, in kuma an tsinci gawarsa a gona sai an haƙa rami an rufe shi kamar mutum. Afiniki ta san wannan sarai, don haka ma ta ba damo kyaftin. Abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba shi ne dokar ta shafi har damon takarda.

"Haba Kaka, zane ne fa! Ke da kike gaba-gaba a zumuntar matan majami'a?"

"Zumunta ne ya ce a bar gawa ma ungulu? Ko Yesu ba a bar shi a kan giciye ba, an sauke shi an binne." Ta tura takardun gefe, ta ja farantin accarta. "Ki nemi wani ya buɗe maki. Ni ba zan tsaya a gaban mutane in ɗaga abin kunyan gidanmu ba."

Ran Afiniki ya ɓaci, ta kwashe kayanta ta fita ko sallama babu. Amma ta san kakarta. In ta ce ba za ta ba, fasto ma sai dai ya yi addu'a ya koma gida.

Washegari ta sami Romanus da maganar. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Sista, wannan ba wahala. Ki sa shi ya buɗe ido, shi ke nan. Kyaftin bai mutu ba, kowa ya yi murna."

"Harsashi a ƙirji? Ni ba na zana ƙarya, Oga Romanus. Ya mutu. Shafi biyu nake so, in binne shi."

"Babu. Na riga na yanka takarda. In feji biyu zai shiga, feji biyu zai fita. Ki zaɓa."

Ta baje shafukan a kan teburinsa tana bi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta ɗaga sai labarin ya rame. Guda ɗaya ne za a cire labarin bai ji komai ba, kuma tun kafin ta kai kansa ta san wanne ne. Ta daɗe tana kallon zanen tsakiyar nan. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, ta ji kamar ta fashe da kuka a gaban mutumin. Sai ta zare shi, ta naɗe, ta cusa a jaka.

"Ba ni kujera," ta ce. "Zan yi wanda ya fi shi."

A nan cikin ƙarar inji ta zauna. Tunda binnewa za a yi, ba za ta yi na jeka-na-yi-ka ba. Ita ta san raunin harba-ka-ruga: in ta tashi sau ɗaya, sai an sake zuba albarushi an danna da sanda kafin ta sake magana. Sai ta zana remaye suna ɗaga hulunansu a kan kara daga bayan duwatsu, kuraye suka yi wauta suka saki wuta gaba ɗaya. Suna cikin ɗura, remayen suka gangaro a guje, suka jera bindigoginsu suka ɗora kyaftin a kai, suka hau da shi. A shafi na biyu ga kabari a gindin tsamiya, duk rundunar ta cire hula.

Romanus ya leƙo, ya koma kan injinsa.

Ta sami Kaka a tsakar gida, ta ajiye mata sabon zanen a cinya. Tsohuwar ta bi zanen da yatsa, daga gonar citta har kan dutse, ta tsaya a kan kabarin.

"Ya tsufa?"

"Sosai."

"Ya ga jikoki?"

Afiniki ba ta taɓa yi wa kyaftin ko mata ba, amma ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Har da tattaɓa-kunne."

"To me ya sa fuskan su haka? Mutuwan tsoho ai biki ne!"

Kaka Hulda ta dafa bango ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta rangaɗa guɗa da sai da kaji suka watse. Kafin ta sauke numfashi maƙwabciyarsu Miriyam ta faɗo gidan, hannunta duk kumfar wanki.

"Mama, lafiya? Me ya faru?"

"Ɗan'uwanmu ne ya rasu a yaƙi," in ji Kaka, tana share ido da gefen zani. "Jika na ta kawo shi gida. Ki gaya ma matan zumunta, ran Lahadi kowa ya zo da anko."