Taku Ɗari da Rabi

Tiyamike ta matsa can ƙarshen bencin har rabin jikinta na lilo, amma duk da haka gwiwar Limbikani na gogar zanenta. Benci ɗaya ne tak a barandar kotun garinmu, kuma masinja ya ce duk mai shari'a yau nan zai zauna. A jakarta akwai takarda mai hatimin wannan kotun, wadda ta hana mutumin nan, tsohon mijinta, kusantar gidanta da ƙasa da mita ɗari. Ta nuna wa masinjan.

"Gida aka rubuta, baiwar Allah," in ji shi. "Kin ga benci a ciki?"

Limbikani ya ɓare gyaɗa ya watsa a baki. "Maman Tadala, kin rame. Ba kya samun barci ne?"

Ta kau da kai. Tun da ya karya mata hannu bara take tsoron ko tarinsa. Ranar Asabar ya zo ya zauna gindin mangwaron da ke kan hanyar gidanta, tun hantsi har la'asar, yana wasa adda a kan dutse, idonsa a kan ƙofarta. Ba ta fita da kifinta kasuwa ba, ba ta bar 'yarta Tadala ta leƙa waje ba. Abin da take nema yau bai taka kara ya karya ba: a ɗaure shi ko na wata uku ne, ta samu ta runtsa.

Sai wajen sha ɗaya aka kira su. Mai shari'a Chirambo ya zauna yana duban agogo, don akwai jana'iza a ƙauyensu ƙarfe biyu, kuma a wajenmu wanda ba a gani a jana'iza ba sai ya shekara a bakin mutane.

Kofur Mkandawire, ɗan sanda, shi ne shaidar farko, dogo kamar falwaya. Mai shari'a ya tambaye shi nisan mangwaron daga ƙofar mai ƙara.

"Casa'in da takwas, ranka ya daɗe."

"Mita?"

"Taku, ranka ya daɗe. Tef ɗin awon ofishinmu yana wurin shugabanmu, gini yake yi."

Kafin a kira shi, wani ɗan guntun tsoho ya miƙe daga baya. Kawun Limbikani ne, Baba Nyirenda tela. Aka rantsar da shi, ya gyara kwat.

"Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina awo, ban taɓa yanka wa mutum wandon da ya ɗage ba. Na taka wurin nan da ƙafata, ɗari da uku ne cif. Wannan yaron kuwa, dube shi fa! In ya ɗaga ƙafa a nan, sai a Zambiya zai sauke ta."

Kotu ta ɗauki dariya. Mai shari'a ya buga tebur, sannan ya ce su biyun su taka daga ƙofa zuwa gabansa a gani. Kofur ya yi tara. Baba Nyirenda ya yi sha ɗaya, yana tafiya kamar mai bin amarya, 'yan kallo na taya shi ƙirge. Aka yi rabin awa ana gardamar ko da takalmi ake awo ko ba takalmi. Adda kuwa, tana kwance a kan teburin shaida da 'yar takarda ɗaure a ƙotarta, ba wanda ya ko kalle ta sai Tiyamike.

"Addar fa?" in ji mai gabatar da ƙara daga ƙarshe, kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Limbikani ya haɗa hannu a ƙirji. "Manomi ne ni, ranka ya daɗe. Dutsen gindin mangwaron nan ya fi kowane dutse a garin nan kaifafa ƙarfe. Tambayi kowa."

Mai shari'a ya sake duban agogo. Ya ja takarda ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya ce kotu ba za ta ƙaryata ma'aikacin hukuma ba, ba kuma za ta kunyata dattijo ba. Don haka ta haɗa casa'in da takwas da ɗari da uku, ta raba biyu. Ɗari da rabi. Wanda ake tuhuma yana waje da rabin taku. An sallame shi, a mayar masa da kayan aikinsa.

Tiyamike ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, in da gudu ya taho, taku nawa ne?"

Dariyar 'yan kallo ta ɗauke. Mai shari'a ya cire tabarau ya mayar.

"Wannan tambayar ba ta gaban kotu. In ya ƙetare, ki garzaya ofishin 'yan sanda, takardarki na nan da ƙarfinta. Shari'a ta gaba!"

A waje, Baba Nyirenda ya tsaida ta. "'Yata, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ki daina kai mu gaban hukuma, muna da sunan da za mu kare." Limbikani ya tare mai keken haya, ya ɗane baya, addar naɗe a jarida a ƙarƙashin hammatarsa.

Ita da ƙafa ta tafi. Da ta zo daidai ofishin 'yan sanda sai ta tsinci kanta tana ƙirga takunta. Ta wuce injin niƙa, ta wuce coci, ta wuce masu soya dankali a bakin titi. Dubu uku da ɗari huɗu da sha biyu, kuma ba ta kai gida ba tukuna, ta dai hango rufinsa.

Limbikani ya riga ta isowa. Yana zaune a inuwar mangwaron, ya miƙe ƙafa, ƙarar ƙarfe a kan dutse na tashi a hankali. Can bayansa, Tadala na leƙowa ta taga tana jiran uwarta. Hanya ɗaya ce ke zuwa ƙofar, kuma ta gindin bishiyar ta bi.

"Wuce mana, Maman Tadala," in ji shi. "Ni dai ina inda doka ta ajiye ni."

Tiyamike ta ciro takardar daga jaka. Ta buɗe ta, ta riƙe a ƙirji da hannun da bai karye ba, hatimin na kallonsa. Sannan ta ɗaga ƙafa.

"Ɗaya," ta ce.