Ranar da Aka Yi wa Ɗakin Sauro Feshi

A sashen nasu na jami'a baƙo ne kawai ke kiran ta Dakta. Kowa Uwar Sauro yake ce mata, har mai gadi, saboda ta yi shekaru tana kiwon sauro a wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen baranda. Keji-kejin raga ne jere a kan kanta, ga farantan ruwa cike da 'ya'yan sauro suna mutsu-mutsu. So take ta gano dalilin da ya sa maganin da ake sa wa gidan sauro ya daina kashe su, kuma wannan zuri'a da ta raina tun daga kakannin kakanninsu ita ce duk hujjarta.

Ta sha neman tallafin bincike ana ba ta haƙuri. Bana dai wata gidauniya ta ce aikin ya yi mata, za ta turo mutane su ga ɗakin da idonsu kafin a sa hannu.

Ranar zuwan baƙin ta yi sammako. Ta tarar an share ko'ina fes, an yi wa bango sabon fenti. Tana shiga baranda wani wari mai kama da na kananzir ya daki hancinta. Ta sa gudu, jakarta na dukan ƙugunta.

Dogo, ma'aikacin da suke aikin tare, yana zaune dirshan a bakin ƙofa, ya haɗa kai da gwiwa.

“Dogo, lafiya?”

“Hajiya, ki shiga kawai. Bakina ba zai iya faɗa ba.”

Ɗakin tsit, babu kukan nan da ta saba ji. Ƙasan kowane keji ya yi baƙi da gawar sauro. Ta jijjiga na farko, ta jijjiga na biyu. Ta leƙa farantan, 'ya'yan duk sun taso saman ruwa, sun sandare.

“Innalillahi,” ta ce. “Ko ɗaya?”

“Na duba kaf. Waɗanda muke cewa ba sa jin magani, Hajiya, wannan kam sun ji.”

Ana cikin haka sai ga Farfesa, shugaban sashen, ya ci kwalliya yana fara'a.

“Uwar Sauro, kin ga gyara ko? Har masu feshi na kira ranar hutu, na ba su makullan ginin duka. Ai abin kunya ne baƙi su zo sauro na cizon...”

Maganar ta maƙale masa. Ya dubi kejin da ke hannunta, ya dube ta. Ya lallaɓa ya zauna a kan kujerar Dogo, gumi na tsattsafo masa.

“Wallahi ɗakin nan bai zo min a rai ba,” ya ce can ƙasa-ƙasa. Jim kaɗan ya ɗago. “Mu rufe shi. Mu ce makulli ya ɓata, a zagaya da su sauran wuraren.”

“Ranka ya daɗe, ɗakin nan fa suka zo gani.”

Ba ta bari an share gawar sauro ko ƙwaya ɗaya ba. Da baƙin suka iso, ita da kanta ta buɗe musu ƙofa. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai sanda, wadda ita ma a kan sauro ta ƙare ƙuruciyarta. Ta tsaya turus, hannu a baki.

“Wa ya yi wannan aika-aika?”

Farfesa ya matso, kansa a sunkuye. “Ni ne. Don ku aka yi.”

Dattijuwar ta daɗe tana kallon sa kamar ba ta fahimci yaren ba. Sannan ta juya ga Dakta.

“'Yata, ba zan iya sa hannu a kan gawa ba. Amma ba zan ba wani gurbinki yanzu ba. In kin tayar da wata zuri'a kafin ƙarshen shekara, ki neme ni. Daga nan kuma ba ni da iko.”

Bayan motarsu ta fita, Dakta ta kulle kanta a ofis ta yi kuka mai isar ta. Da rana ta yi sanyi ta fito, idanu jawur, ta ce wa Dogo ya ɗauko ludayi da bokiti.

Suka zagaya bayan ginin, inda ruwa ke kwanciya a wata tsohuwar kwata. Ta tattare zaninta, ta tsugunna tana kamfato ruwan a hankali tana dubawa. Wata mai shara da ke wucewa ta tsaya, ta riƙe haɓa.

“Hajiya, zobe ne ya faɗa?”

“A'a, Iya. Sauro nake nema.”

Matar ta dubi Dogo ko zai yi mata bayani. Shi kuwa ya miƙa bokitin, don ludayin farko ya zo da 'yan ƙananan 'ya'yan sauro suna motsi.