Ba a Taɓa Na'ura Ranar Juma'a

A ofishinmu na Brisbane, a ƙasar Ostareliya, manyan kwamfutoci ne ke karɓar masu neman ganin likita ta waya daga ƙauyuka. A gabansu akwai na'urar rabon aiki, wadda duk wanda ya shigo take tura shi wurin kwamfutar da layinta ya fi gajarta.

Wata Juma'a da la'asar kwamfuta ta uku ta lalace. Ba ta mutu ba, korar mutane kawai take yi nan take, don haka kullum gabanta wayam. Na'urar rabo ta ga ta samu gwana, ta yi ta antaya mata jama'a.

Nirmala ce ke kan aiki, 'yar Siri Lanka wadda bizar zamanta a ƙasar ke rataye da aikinta a kamfanin. Ta iske shugabanmu Gavin a baranda, ana gasa tsiran alade, kwalbar giya a hannunsa.

"Gavin, mutane na ta kira, an kasa shiga. Ka ba ni izini in cire ta ukun nan."

"Allo kore ne ko ja?"

"Kore. Amma ai tambayarta kawai ake ko tana raye, ita kuma..."

"To tana raye! Ƙawata, ba a taɓa na'ura ranar Juma'a, doka ce. Zo ki ci tsire."

"Ba ta ci, sai ganye kamar akuya," in ji Brodie, ɗan korensa. Aka kwashe da dariya.

Haka aka watse. Har Litinin tsofaffi na can daji suna danna waya ana korarsu, mu kuma muna bakin teku.

Da asibitoci suka taso, Gavin ya tara mu. Bai ta da zancen izini ba, balle na baranda, tambaya ɗaya ya yi: wa ke kan aiki? Na ce ai ta roƙe shi a gabanmu. Ya dubi sauran.

"Akwai wanda ya ji?"

Ƙattin banza, kowa ya duƙufa kan shayinsa.

Ranar da aka sallami Nirmala daga aiki har kek aka sayo. Gavin ya yanka mata babban yanki.

"Ba gaba tsakaninmu, ko? Ina ma ni ne zan koma ƙasa mai kwakwa."

Nirmala ta riƙe farantin.

"'Yata a nan aka haife ta," ta ce.

"Madalla, za ta ga dangi. Brodie, karɓi katin ƙofarta kafin ta fita."