Tsatsar Mounira

A damunar 1988 Mounira ta dawo Lomé hutu, bayan ta daɗe tana karatun kimiyya a Faransa. Kakanta Malam Ɗan'azumi, wanda ya tsufa yana koyar da yara karatu a Zongo, bai bari ta ajiye jaka ba ya fara tsokanarta.

"Amarya, kin tafi kin bar ni da yunwa. To, me yovo, Turawan nan, suka koya miki?"

Ta zauna a gefen buzunsa ta yi masa bayani. Ta ce akwai wata na'ura mai ƙaton maganaɗisu, ana shigar da mutum cikinta a kwance, ta ɗauki hoton cikinsa ba tare da an tsaga shi ba. Amma hoton hanta ba kullum yake fita sosai ba. Shi ya sa suke haɗa wani garin ƙarfe mai laushi ƙwarai, a dama shi a ruwa, a yi allurarsa a jijiya. Lafiyayyar hanta takan shanye shi ta yi duhu a hoto. Inda ƙari ya fito kuwa ba ya sha, sai a gan shi fili.

"Wane irin ƙarfe?"

"Ɗan'uwan tsatsa ne, Malam."

"Wa kuke yi wa allurar?"

"Mu dai a wurinmu, ɓeraye tukuna."

Tsohon ya yi dariya har ya share hawaye. "Wato teku kika ƙetare don ki ba ɓera tsatsa. Ga rufin ɗakina, ga ɓeraye a madafa. Da kin tambaye ni."

Bayan la'asar ya ba da labarin a ƙofar masallaci, ya ƙara masa gishiri. Washegari baffanta Garuba, direban babbar mota a tashar jirgin ruwa, ya ja wata tsohuwar sarƙa har tsakar gida, ya ce gudummawarsa ce ga ilimi. Hadjara mai koko ta aiko da ɓulallen kwano. Mounira ta karɓa tana godiya, ta ce za ta gaya wa ɓerayen.

Ana cikin haka wata mata ta yi sallama, sunanta Hussainatu, daga Baguida. Ita ba ta kawo komai ba. Ta ce mijinta Amadou idonsa ya yi rawaya, ba ya iya cin abinci, kuma ta ji an ce 'yar gidan nan ta zo da maganin hanta daga Turai.

Mounira ta riƙe hannunta. "Inna, ba magani ba ne. Abin taimakon gani ne kawai, kuma ba ni da shi a nan. Asibiti ya kamata ku kai shi."

"Ya ƙi zuwa," in ji matar.

Malam yana zaure, ya ji komai. Ranar bai sake tsokanar kowa ba. Da safe ya sa babbar rigarsa, ya ce Mounira ta samo taksi. Amadou a gabansa ya yi karatu yana yaro, don haka da ya ga Malam tsaye a ƙofar ɗakinsa, bai yi gardama ba, takalmansa kawai ya nema.

Likita ya ce ciwon shawara ne, ya kwantar da shi. Mounira ce ta riƙa fassara wa Hussainatu abin da likitan ke faɗa da Faransanci. A masallaci kuwa Malam ya gyara zancensa da bakinsa, ya ce jikarsa ba ta raba magani, shi ne ya yi wa labarin ado.

Kafin hutunta ya ƙare suka koma dubiya. Suka tarar da Amadou a zaune, yana ƙorafin miyar asibiti ba gishiri.

"Alhamdulillahi," in ji Malam. "Mounira, tashi mu tafi. Wanda ya fara kushe miya ya kusa komawa gida."